Awa Biyu Daga Kusada

Baba Nagoggo ya riƙe masa hannu gam, ya ƙi saki. Ina zaune gaban kaskon ƙosaina ina kallonsu. Malam Sharafaddeen yana ta dire-dire a wuri ɗaya kamar wanda ya taka garwashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, idonsa na kan agogon da ke ɗaure a hannunsa na hagu.

"Ina kwana, Malam? Ya damina? Ya labarin ɗiyarka ta Kaduna? Mijin nata fa, ya ji sauƙin ƙafar?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ji sauƙi. Baba, gudu nake."

"Ai na ga kana gudu. Wa ya biyo ka?"

'Yan majalisar bakin masallaci suka kwashe da dariya. Sai da tsohon ya tambayi lafiyar kowa har da ta tumakin da Malam ya daɗe da sayarwa, sannan ya sake shi. Malam ya ƙaraso ƙofar gidansa, wadda ke jikin tawa, ya danna agogon, ya duba, ya zube a kan bencina yana haki.

"Yaya Hawwa'u," ya ce, "da bai tare ni ba, da yau na yi."

Na ce masa Allah Ya nuna mana wata Asabar ɗin, na zuba masa ƙosai a faranti da kofin koko. Haka muke yi duk Asabar. Shi ya faɗi abin da agogo ya ce, ni in ce madalla ko in ce Allah Ya kyauta, gwargwadon yadda na ga fuskarsa.

Abin da yake nema ɗaya ne, kuma ya faɗa mini shi har na haddace. Da ya idar da sallar asuba sai Sodangi ɗan kabu-kabu ya ɗauke shi a babur ya kai shi Kusada, ya sauke shi a bakin kasuwa. Daga nan zai taso da ƙafa, a guje, har Kankiya. Burinsa ya iso kafin awa biyu ta cika. Ya sha nuna mini fuskar agogon, mai ƙirga tsawon lokacin gudunsa, yana cewa in dubi lambar farko, ta awa. Kullum biyu ce. "Ranar da kika ga ɗaya a nan," in ji shi, "ko ban yi magana ba kin san an gama."

Ni dai da farko na ɗauka taɓin hankali ne, ba zan ɓoye ba. Mutum ya doshi hamsin, ma'aikaci a sashen gona na ƙaramar hukuma, mai furfura a gemu, ya sa wandon 'yan ƙwallo da kambas yana tsere da iska. A garinmu in ka ga babban mutum a guje, to gobara ce ko ɓarawo. Likita ne ya ce masa ya riƙa ɗan tattaki saboda ciwon suga, shekarar da matarsa Sumaiya ta rasu. Tattaki ya zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. 'Yarsa ɗaya tilo, Salma, tana aure a Kaduna. An kawo masa maganar zawarawa har aka gaji, ya ce a bar shi tukuna. Gidan nan mai ɗaki uku, shi kaɗai ne a ciki da rediyo. Ta katanga ina jin lokacin da yake kunna shi da lokacin da yake kashewa, ban da wannan ba wani motsi.

Ya taɓa zuwa gasar gudu a Kano. Ya dawo da wata lambar ƙarfe mai igiya, ya rataya ta a wuya ya fito majalisa yana murmushi kamar ango. Aka tambaye shi na nawa ya zo, ya ce bai sani ba, mutanen da yawa. Aka ce to me ya sa aka ba shi lamba? Ya ce duk wanda ya kai ƙarshe ana ba shi. Ya yi ƙoƙarin ya fahimtar da su cewa shi ba da kowa yake tsere ba, da kansa yake yi, na yau ya wuce na jiya. Baba Nagoggo ya ce to tsakaninsa da kan nasa wa ya ci? Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya tako a hankali ya zo wurina, ya cire lambar ya miƙo mini. Na goge hannuna a zane na karɓa, na juya ta, na ce tana da nauyi. Wannan 'yar maganar kawai ta sa ya zauna ya ba ni labarin gasar tun daga farko har ƙarshe, har mai ya kusa ƙonewa. Ranar ya ba ni tausayi ƙwarai.

Mutanenmu ba mugunta suke yi masa ba, kirki ne ya yi musu yawa. Ɗan kabu-kabu ba zai ga Malam yana wahala a titi ya wuce ba, sai ya sha gabansa ya ce ya hau kyauta. Manomi a bakin gona sai ya fito da buta ya ce ya tsaya ya sha. In ya gaji ya zauna gindin wata bishiya, kafin ya farga an taru a kansa ana fifita ana salati. Akwai ranar da wasu mata suka sheƙa masa ruwan tulu guda, sun ɗauka suma ya yi. Shi kuma ba zai iya wuce dattijo ba tare da ya rage gudu ya ɗan rusuna ba, haka aka rene shi. Duk wannan agogo bai sani ba, tafiyarsa kawai yake yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai na ga ya fito cikin babbar riga fara, da ƙullin goro a hannu. Na ce Malam ko dai maganar auren ce ta taso? Ya yi dariya ya ce gaisuwa zai je.

Ashe da gaske yake. Ya fara da majalisar Baba Nagoggo, ya durƙusa ya gaida kowa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jikoki. Sannan ya raba goro ya ce wannan gaisuwar ta gobe ce ya kawo tun yau, don Allah in sun gan shi a guje su yafe masa. Daga nan ya wuce tashar 'yan kabu-kabu, ya bi masu shayi da masu faci, Sodangi ya ɗauke shi suka bi ƙauyukan bakin hanya ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina maganar ɗaya ce. Kada a gaishe shi, kada a tsaya masa, kada a ba shi ruwa. Ya kuma ce ya daina ƙarewa a ƙofar gida, daga yanzu iyakar gudunsa tsamiyar nan ta bakin kwalbati, kafin a shigo gari. In an gan shi zaune ko kwance a gindinta, hutawa yake, a bar shi ya huce.

Baba Nagoggo ya ce shi tunda yake bai taɓa jin wanda ya raba goro don a daina kula shi ba. Amma ya karɓa, ya kuma yi alkawari. Garin ya riƙe alkawarin nan fiye da yadda na zata. Duk Juma'a Malam ya zaga gaisuwarsa, duk Asabar hanya ta zama tasa. Har yara aka hana binsa. In baƙo ya nemi yi masa magana, sai a ce masa ya ƙyale shi, Malam ne, ba a tsayar da shi.

Ya samu abin da ya roƙa, kuma lokacin nasa ya riƙa raguwa. Sai dai na lura in ya iso bencina surutunsa ya ƙaru, kamar wanda ya yi azumin magana. Ya taɓa ce mini yanzu tun daga Kusada ba ya jin komai sai ƙarar takalminsa da numfashinsa. Na tambaye shi ko da daɗi. Ya ce da sauri dai.

Asabar ɗin da ta gabaci ta ƙarshe na ga yana murza ƙirjinsa da tafin hannu. Na ce lafiya? Ya ce olsa ce, bai ci komai ba tun jiya. Na ce ya koma wurin likitan da ya ɗora shi a kan wannan hanya. Ya ce zai je, amma saura ƙiris, ba zai tsaya yanzu ba. Ya nuna mini ƙiris ɗin da yatsu biyu.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ƙasa ta kwanta. Na ji tashin babur ɗin Sodangi bayan asuba. Na fito na hura wuta, na soya, na sayar, na ware na Malam a faranti na rufe. Rana ta ɗaga, masu saye suka watse, ƙullu ya ƙare. Na kashe wuta na wanke kasko. Ina ta leƙen bakin layi. Na ce a raina ƙila ya haɗu da wani abokin aikinsa.

Hantsi ya yi sosai sai ga Sodangi a ƙafa, ba babur, ba hula. Ya tsaya a gabana.

"Inna, Malam ya rasu."

Na zauna a kan bencin.

"Shina gindin tsamiyar," ya ce. "Ya jingina, ya miƙe ƙafa, kamar kullum. Sau uku na wuce shi, Inna. Har wani fasinja ya ce mini mutumin can lafiya kuwa, na ce mashi hutawa yake, ba a yi mashi magana."

Ba shi kaɗai ba ne. Masu tafiya gona sun wuce, masu keke sun wuce, kowa ya kau da kai don girmamawa. Wata Bafillatana mai tallan nono, Adda, ita ce ta tsaya. Baƙuwa ce, kwanan nan suka sauka da shanunsu wajen Tafashiya, goron Malam bai kai gare ta ba. Ta yi masa sallama bai amsa ba, ta sake, sannan ta sauke ƙwaryarta ta matsa kusa. Wasu sun ce da an duba shi da wuri da an kai shi asibiti da ransa. Wasu sun ce kwana ne ya ƙare. Allah ne masani.

Aka kawo shi gida. Gidan da ba ya ganin baƙo ya cika har zaure. Aka kira Salma a waya, ta ce kada a jira ta, hanya da nisa. Ina tsakar gidana ina jin zubar ruwan wanka ta katanga, sai Sodangi ya yi sallama ya miƙo mini agogon. Ya ce masu wanka ne suka cire, an ce in ajiye wa ɗiyarsa.

Na karɓa na duba. A tsaye yake, ba ya tafiya, wato ya kai tsamiyar da ƙafarsa har ya danna shi da hannunsa. Lambar farko ɗaya ce.

Allah Ya yafe mini, murna ce ta fara zuwa mini kafin kuka. Na ce wa Sodangi, "Ya yi fa. Ka gani, ya yi." Ya dube ni, ya dubi agogon, ya ce Allah Ya jiƙansa, ya juya ya fita. Na tsaya da abin a hannu ina tunanin wa zan faɗa wa. Duk Kankiya ba wanda zai gane, wanda zai gane ɗin yana bayan katanga ana sa masa likkafani. Kaɗaicin da ya zauna da shi shekara da shekaru, a wannan tsayuwar na ɗanɗana shi.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Liman ya ce a gaggauta kafin ruwa ya cika kabarin. Aka yi masa salla a ƙofar gida, aka ɗaga makara. Mu mata ba ma bi, sai na tsaya a bakin zaurena. Masu ɗauka suka wuce da sassarfa, iska na kaɗa mayafin da aka lulluɓa. Waɗanda labari ya iske a makare suna ta ɓullowa daga lunguna, ganin an yi nisa sai suka tattare riguna suka sa gudu. 'Yan kabu-kabu, masu shayi, ma'aikatan ofishinsu da takalma sau-ciki, duk a guje a bayansa. Can ƙarshe Baba Nagoggo, sanda a hannu, babbar riga a kafaɗa, yana ɗingishi yana haki yana cewa a jira shi. Ba wanda ya jira.

Suka sha kwana, layin ya yi tsit. A tsakiyar hanya wani ya yar da silifa ƙafa ɗaya, bai tsaya ɗauka ba. Yayyafi ya fara sauka a kanta.