Ranar da Ɗanliti Ya Jefa Ƙuri'a

Malam Na'Allah, malamin zaɓe, shi ya sa gawar Ɗanliti ta wuni, ta kwana, ta sake wuni a kan tabarma. Na faɗa gaban mai gari, na faɗa a kasuwar Kaoje, ga shi ina sake faɗa.

Ɗanliti maƙwabcina ne. Zana ɗaya ta raba mu shekara talatin, in ya yi tari ina ji. Saƙar koma yake yi wa masunta, shi da matarsa Ruƙayyatu, ba ɗa ba jika. Tungarmu tana cikin fadama, tsakanin Kaoje da iyakar Dahome. In kogi ya cika, ruwa ke zagaye mu, ko mamaci sai an sa shi a jirgi an kai shi kan tudu, don can maƙabartarmu take. Jirage uku gare mu duk tungar.

Shekarar da aka ce Turawa za su tafi, Na'Allah ya zo da littafi ya rubuta maza, ya ba kowa kati. Arba'in da ɗaya ya samu. Mu mata ba a rubuta mu ba. Na ce masa, "Malam, mu fa?" Ya ce, "Inna Sabuwa, ku dai ku dafa tuwo." Ɗanliti kuwa kullum katinsa na cikin hula. Yakan ce mini, "Sabuwa, kin ga an san da ni. Ke ko akuyarki ba ta san da ke ba."

Ranar zaɓe da safe maza suna bakin ruwa, jirage a shirye, sai na ji Ruƙayyatu ta kira sunana sau ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Na ɗaga zana na shiga. Yana kwance, ƙafa ɗaya ta sauka daga tabarma, kokon kunu a gefensa ko taɓawa bai yi ba. Kwana shida ke nan yana fama da ƙirji. Na rufe masa ido, na gyara ƙafar.

Na sauka bakin ruwa na faɗa musu. Liman ya riga ya sa ƙafa a jirgi, ya fito da ita.

"Malam, a ba mu jirgi guda," liman ya ce wa Na'Allah. "Mu kai shi tudu mu rufe, mu iske ku Kaoje."

"Mutum nawa za su bi ka?"

"Ko goma."

"To goma na rasa ke nan." Na'Allah ya buga littafin a tafin hannunsa. "Ku kun san mi ake cewa can? Wai tungar nan 'yan Dahome na, ni na cusa su cikin littafi. In na kai talatin, mi zan ce? Arba'in da ɗaya na rubuta."

Na ce, "Ɗayan ya mutu, ɗan nan."

"Allah shi jiƙan shi, Inna. Kafin azahar kowa ya dawo."

Ya hau har ɗakin mamacin da takalmansa. Ya tambayi Ruƙayyatu hular mijinta, ya zare katin, ya ce na gwamnati ne, zai mayar. Hular ya ajiye a kan ƙirjin gawar. Sannan suka tafi duka, har da Atiku mai tuƙi, har da tsofaffin da sai an riƙe su.

Mata kaɗai muka rage. Ruƙayyatu ta yi masa wanka da kanta, ni ina miƙo ruwa ta bayan zana. Muka naɗe shi da farin zanen da ta ajiye don tata ranar. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Dela, matar liman, tana zuwa bakin ruwa tana dawowa tana cewa, "Ba kowa."

Washegari da hantsi ƙudaje suka fara taruwa. Na ɗauki fartanya na zaga bayan ɗaki. Dela ta ce, "Ke Sabuwa, mace ke gina kabari?" Na ce, "Kawo mini namijin." Kamu ɗaya na haƙa, ruwa ya taso ya cika ramin. Na sake wani wuri, haka. Na jefar da fartanyar na koma ɗaki, muka turara itace, muka ɗauki mahuci. Ni gefen kai, Ruƙayyatu gefen ƙafa. Da warin ya yi yawa sauran matan suka koma ƙofa, ban ga laifinsu ba.

Sai bayan la'asar jirage suka dawo. Ashe da aka gama zaɓe, Na'Allah ya ce kowane ɗan takara da akwatinsa, akwatuna sun yi yawa, sai ya loda su a jiragenmu zuwa Bagudo, mazanmu suka kwana a rumfar kasuwa. Da suka zo ɗaukar gawar, kowa ya naɗe hanci da rawani. Liman ya yi salla daga nesa. Rana na faɗuwa suka rufe shi.

Atiku ne ya iske ni ina wanke tabarmar a bakin ruwa.

"Inna, an kira sunan Ɗanliti can."

"Sai aka ce ya mutu."

"A'a. Wani ya amsa. Ya miƙa kati, an ba shi ƙuri'a, ya shiga bayan labule."

"Wa?"

"Ban ga huska tai ba. Ina baya cikin layi."

Na ci gaba da wanki. Arba'in da ɗaya suka cika.

Sau huɗu ina zuwa Bagudo da ƙafata in kai ƙara ofishin zaɓe. Ɗan doka ya ce shugaban ofishin yana rangadi. Wani akawu ya buɗe littafi ya ce, "Iya, ai mutuminki yana da rai ranar nan, ga alama an yi gaban sunansa." Ya juyo mini da littafin in gani. Ban san baƙi ba. Abin da na sani, lokacin da ake yin alamar nan ina kore masa ƙuda daga baki.

An ce an samu mulkin kai, an raba wa yara tuta a Kaoje. An ƙara wa Na'Allah girma, yanzu keke gare shi. Ruƙayyatu tana nan, komar da mijinta bai gama ba tana rataye a jikin zana inda ya bar ta, hular tana kan turmi, ba kati a ciki.

Ba na neman komai a hannun kowa. A fito mini da wanda ya amsa sunan Ɗanliti. A kawo Na'Allah ya tsaya a ƙofar ɗakin nan, ya cire takalmi, ya gaya wa Ruƙayyatu wa mijinta ya zaɓa.