Tirela Marar Tsani

Hermien ta kai tsakiyar tsanin ta tsaya. Ta leƙa gadon da aka shimfiɗa can saman tirelar a cikin tanti, ta ja tsaki, ta sauko da baya tana dafe da gwiwa.

"Wannan ai sheƙar shamuwa ce," in ji ta. "Wa zai hau nan, in fitsari ya matse shi ya sauko cikin duhu?"

Neels mai sayar da tirelolin yawon daji, irin waɗanda ake ja da mota a kwana a tantinsu, ya yi irin dariyar nan ta 'yan kasuwa da ba ta wuce haƙora. Tun safe yake biye da ita a filin, rana har ta gasa masa ƙeya.

"Haba Tannie," ya ce, yadda suke kiran dattijuwa, "ita ce fa sarauniyar wurin nan. Ga firji, ga sola, ga tankin ruwa, har wurin wanka. Ki ja ta ki ratsa hamadar Kalahari, ko ƙura ba za ta faɗa miki a kofi ba."

"Neels, marar tsani na ce maka. Ko sai na rubuta maka a goshi?"

Ta nuna masa tsohuwar a-kori-kurarta da ke ƙarƙashin bishiyar ƙaya. Mijinta Stoffel yana zaune a gaba, hularsa ta kaki ta karkace, hannunsa na dama a kan cinya kamar ajiyar wani. Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi yana tsaka da gyaran famfo. Ya tashi da ƙafa ɗaya da rabi. Magana kuwa ta gudu ta bar masa 'yan kalmomi, yawancinsu irin waɗanda ba a faɗa a gaban fasto.

Duk garin Upington an san Stoffel da Hermien da yawon zango. Tun suna amare, da zarar furanni sun fito a Namakwaland sai su ɗaura tirela su kama hanya, su kafa tanti a bakin kogi ko bakin teku, a hura wuta a yi ta gashin nama har tufafi su koma warin hayaƙi. Stoffel yana kwance a asibiti ɗansu Dewald ya sayar da babbar tirelarsu, wai kada ganinta ya riƙa tayar wa tsoho hankali. Bai nemi shawarar kowa ba. Yanzu kuma ya samo wa uban nasa ɗaki a gidan kula da tsofaffi, ran Litinin za a kai shi. Hermien ta je ta ga ɗakin. Tsaf yake, yana ƙamshin maganin goge daɓe, tagarsa tana kallon bango. Ta dawo gida ba ta ce wa kowa uffan ba. Yau Asabar ta ɗaura wa Stoffel takalman tafiya, ta tuƙo shi nan.

Neels ya sosa kai. "To, akwai wata a baya. Amma fa Tannie za ta ce na raina ta."

Can ƙarshen fili, kusa da tarin tsofaffin tayoyi, wata 'yar tirela take tsugune, fentinta ya koɗe, tsawonta bai kai ƙirjin mutum ba. Wani malamin makaranta ne ya kawo ta ya ɗauki babba. Neels ya kai hannu zai buɗe, Hermien ta buge hannun.

"Can a daji kai za ka zo ka buɗe min?"

Yatsunta sun daɗe da kumbura da amosanin gaɓɓai, maƙallin ya ƙi ta. Ta ciji leɓe, ta sa gindin tafin hannu ta doke shi, ya saki. Murfin ya kifo ƙasa ya zama daɓe, tantin ya miƙe a kansa yana zubar da yashin wani bakin teku. Gadon bai wuce gwiwarta ba.

Ta je ta fito da Stoffel. Ya taho yana jan ƙafa, sanda a hagu, ita tana riƙe da bel ɗinsa ta baya. Ya sunkuya ya shiga, ya zauna a bakin gadon ba tare da an ɗaga shi ba. Ya shaƙi warin tsohon tanti, ya lumshe ido.

"Shegiya," ya ce a hankali.

"Ta yi masa," Hermien ta fassara wa Neels.

Ba su fito daga tantin ba suka ji ƙarar birki. A garin nan labari ba ya jiran mai shi. Matar Neels da matar Dewald ƙungiyarsu ɗaya a coci, shi ke nan. Dewald ya gindaya farar motarsa a ƙofar filin, ya toshe ta kaf, ya taho da sauri. Da ya zo wucewa ta gefen a-kori-kurar sai ya ɗaga tamfol ɗin da ke baya. Ga tukunyar gas, ga barguna, ga gwangwanin busasshen burodin da suke tsomawa a kofi, ga jakar magungunan ubansa.

"Ma! Yau ma za ku tafi ke nan?"

"Furanni ba sa jiran kowa, ɗana. Ka gaida ubanka."

"Barka da rana, Pa." Ya juyo. "Ma, don Allah mu yi magana ta hankali. In ya faɗi a can fa? Ba waya, ba asibiti, ba kowa sai diloli."

"In ya faɗi a ɗakin can yana kallon bango fa?"

"Akwai nas-nas."

"Ni mece ce? Wa yake yi masa wanka tun bara? Matarka?"

Dewald ba mugun yaro ba ne, a faɗi gaskiya. Tsoro ne ya cika shi tun ranar da ya tsinci ubansa kwance a gindin famfo, kuma shi irin mutanen nan ne da in suka tsorata sai su hau shirya wa kowa rayuwa. Ya san da baki ba zai ci uwarsa ba, sai ya laluba inda take da rauni.

"Ma, kin taɓa yin ribas da tirela?"



Duk wanda ya taɓa kwana a filin zango ya san yadda abin yake. Miji ne a sitiyari, mace tana tsaye a baya tana kaɗa hannu, tana ihun "hagu, hagu, na ce hagu!" Maƙwabta kuwa da sun ga sabuwar tirela ta shigo sai su jawo kujeru su zauna kallo, ba mai taimakawa, don ai shi ne nishaɗin yamma. Aure da yawa a nan ake gane ƙwarinsa. Hermien ta yi suna wajen kaɗa hannu, muryarta har hayin kogi. Amma sitiyari in da tirela a baya, Stoffel bai taɓa barin ta ta taɓa ba, ita ma ba ta taɓa nema ba.

"Kin gani?" Dewald ya nuna wani gurbi tsakanin manyan tireloli biyu. "Ki shigar da ita can da baya. In kika iya, ni da kaina zan kira gidan in ce su ba wani ɗakin."

"Neels, ɗaura min ita."

Neels ya naɗe tantin, ya ɗaura tirelar yana kau da ido. Ya sani sarai cewa ƙaramar tirela ta fi babba taurin kai a ribas, kafin ka ankara ta naɗe. Masu sayayyar Asabar, ƙartai cikin gajerun wanduna, suka bar abin da suke dubawa suka matso suka harɗe hannu a ƙirji. Kujeru kawai suka rasa. Aka zaunar da Stoffel a kan wata taya.

Hermien ta sa ribas, ta saki kuloci. Ta murza hagu, tirela ta yi dama. Ta murza dama, tirela ta yi hagu da gudu kamar akuyar da aka kai kasuwa.

"Ɗaya gefen, Tannie!"

"A'a, ta miƙe tukuna!"

"Ki kama sitiyarin ta ƙasa!"

Ta yi gaba ta sake. Ta kuma sakewa. Abin da ta yi shekaru tana gani ƙarara daga baya, a madubi duk ya juye mata. Gumi ya shiga idonta, wuyanta ya ƙi waiwayawa. A ƙarshe tirelar ta naɗo ta gefe, aka ji ƙas, fitilar bayan a-kori-kurar ta tarwatse a kan tsakuwa. Mota ta mutu.

 Ta zauna riƙe da sitiyari. Kunya ta kama ta, kuma tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don a karo na farko ta hango kanta ita kaɗai a kan wata siririyar hanyar dutse da mara lafiya a gefe. Dewald ya zo taga ya sassauta murya.

"Ya isa haka, Ma. Kin yi ƙoƙari. Mu je gida in haɗa miki shayi."

Da faɗa ya yi mata, da wataƙila ta bi shi. Wannan lallashin ne ya ƙona mata rai, muryar da ake yi wa yara da waɗanda aka gama da su. Ta tura ƙofa har sai da ya ja da baya. Ta zagaya, ta saukar da 'yar tayar gaban tirelar, ta yi ta murza hannunta har ƙugiyar ta rabu da mota. Ta kama ƙarfen jan tirelar da hannu biyu ta karkata shi, ta sa kafaɗa ta tura.

Tirelar ta motsa kaɗan ta tsaya. Wani ƙato mai jan gemu ya tako.

"Kada wanda ya taɓa min ita!"

Ya koma inda ya fito. Ta sake turawa, takalminta yana zamewa a tsakuwa. Sai ta ji ƙarar sanda an jefa ta a kan murfin tirelar. Stoffel ne. Yadda aka yi ya taso daga kan tayar nan shi kaɗai, ba wanda ya lura. Ya dafa kusurwar tirelar da hannunsa mai lafiya, ya jingina duk nauyinsa, kuma Stoffel ba ƙaramin mutum ba ne. Tayoyi suka fara juyawa. Tana tuƙa ƙarfen, yana jan ƙafa yana bi, yana zagin tirelar da uwar wanda ya ƙera ta. A haka suka shigar da ita gurbin, a karkace, amma ta shiga.

Wani ya fara tafi, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari.

"Ba haka muka yi ba, Ma," in ji Dewald. Idonsa ya yi ja. "Da mota na ce."

"Da mota ka ce, kuma na kasa. Kowa ya gani." Ta tsaya tana haki. "Wautata ce da na yarda in sa mijina a caca. Mijina ne tun kafin ya zama ubanka. Kai da ka shirya komai, har launin labule ka zaɓa, ka taɓa tambayarsa?"



Ta juya wajen mijinta. "Stoffel. Ɗakin can ran Litinin, ko hanya yau? Ka sani ban iya ribas ba. In muka maƙale, mun maƙale."

Bakin tsohon ya yi ta motsi, kalmar ta ƙi zuwa. Ya gaji ya bari. Ya ɗauki sandarsa ya nufi a-kori-kurar, kai tsaye zuwa ƙofar direba kamar yadda ƙafarsa ta saba. Ya kama marfin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon sitiyarin. Sannan ya saki, ya bi ta gaban motar yana dafa ta, ya buɗe ɗaya ƙofar ya shiga ya zauna, ya gyara hularsa.

Hermien ta share ido da bayan hannu, ba ta damu da wa ya gani ba. "Neels, mu je ofis in biya ka. Kuma ka sa a canja min fitilar nan, kai ka ajiye tsakuwa a inda mutane suke ribas."

Kafin su fito an canja fitila, an jawo tirelar an ɗaura. Dewald yana nan inda suka bar shi, motarsa ma tana nan a ƙofa. Hermien ta shiga ta tayar, ta sa giya lamba ɗaya, ta taho a hankali, tirelar tana biye da ita lafiya lau kamar ba ita ba. Ta yi ta matsowa har hancin a-kori-kurar ya kusa shafar farar ƙofar motarsa.

"Ma! Ma, tsaya!"

Ta leƙo ta taga. "Ka gani da idonka ban iya baya ba. Matsar da motarka."

Dewald ya dubi ubansa. Tsohon bai dube shi ba, titi yake kallo ta saman motar ɗansa. Dewald ya daɗe a tsaye, injin yana ta kaɗawa. Can sai ya zagaya baya, ya durƙusa a tsakuwa da wandonsa mai tsabta tsakanin a-kori-kurar da tirelar. Sarƙar tsaro tana lilo, an manta ba a maƙala ta ba. Ya maƙala ta, ya jijjiga da ƙarfi ya ga ta kama. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya shiga laluben makullin motarsa a aljihu.