Sabon Sifirin a Motar Wiebe

Mijina Wiebe ya ce laifin bayan motar ne, ni kuma na ce to. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tankar madara a ƙauyukan Friesland, ai ba ni zan koya masa mota ba.

Abin ya faru ne bara, muna dawowa daga Faransa ta Beljiyam da karafan ɗinmu, ɗakin nan mai taya da muke ja duk shekara mu je mu kafa a bakin kogi. Wata babbar mota ta wuce mu, sai karafan ta shiga kaɗa gindi, hagu, dama, tana fizgar motar. Da ƙyar ya tsayar. Da muka leƙa ciki, kofuna duk sun farfashe.

'Yarmu Marrit na jin labari ta zo har kicin, ko kwat ba ta cire ba, ta ce, "Baba, in ta sake yi muku haka, sayar da ita za a yi. Ba zan je Beljiyam ɗauko gawarku ba."

"Bakin uwarta ta ɗauko," in ji Wiebe.

Amma maganar ta shige shi. Ba ya zuwa coci, ba ya kamun kifi, ba shi da abokan karta. Wannan tafiyar kaɗai yake jira tun daga farkon hunturu. In aka raba shi da karafan, to an raba shi da sauran abin da yake tashi da safe dominsa.

Da ni ya fara. "Dankalinki ne, Aukje. Kin danƙare but da dankali da cuku sai ka ce a Faransa yunwa ake. Dubi yadda bayan motar ya durƙusa, hancinta na kallon sama."

"Dankalinsu ruwa ne zalla, kuma kai ne farkon mai mita in na dafa," na ce. "Ka gyara motarka ka bar mini kayana."

Da sanyi ya fara sauƙi muka kai ta garejin Hidde, ɗan maƙwabcinmu da ya taso a gabanmu. Ya zagaya ta, ya danna bayan da gwiwa, motar ta yi ta lilo kamar tsohuwar katifa.

"Kawu Wiebe, wannan shokozoba ai sa'arka ce," in ji shi.

"To ita ta gaji, ni ban gaji ba. Canja."

Hidde ya canja. Ya sa sifirin masu ƙarfi, ya cusa musu balan-balan na roba da ake hura wa iska in kaya sun yi nauyi, ya kawo sabuwar ƙugiya mai damƙe kan ƙarfen ja don kada karafan ta samu wurin rawa. Wiebe bai yarda ya zauna a gida ba. Kullum yana can da tsohuwar rigar aikinsa, yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Har sikelin banɗakina ya sace, wai zai auna nauyin hancin karafan, ya dawo mini da shi duk baƙin mai. Na yi masa tas, yana ta dariya. Na daɗe ban ga ya yi farin ciki haka ba.

Wata rana da na kai musu kofi, Hidde ya miƙo wa Wiebe noti daga ƙarƙashin mota ya ce ya riƙe. Notin ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Hannunsa na dama rawa yake, sai ya yi maza ya tura shi aljihu. Hidde ya dube ni, ni kuma na dubi kofi.

Da aiki ya kammala Hidde ya fara fita gwaji shi kaɗai. Ya dawo ya ce, "Kawu, kamar a kan dogo take tafiya." Bai yi murmushi ba da ya faɗa.

Ran Lahadi muka loda komai yadda muke lodawa, har dankalin, muka hau hanyar da ta bi ta kan madatsar teku, inda iska ba ta raga wa kowa. Motar ta tsaya daram, bayanta bai sunkuya ba. Wiebe har fito yake yi. Can sai ga babbar mota ta taho ta wuce mu. Iskarta ta ɗan taɓa mu, abin da bai kai a kula ba. Ni ba madubi nake kallo ba, hannunsa nake kallo. Na ga yana karkarwa a kan sitiyari, ya fizga, na hagu ya yi ƙoƙarin gyarawa ya wuce wuri. Karafan ta amsa, hagu, dama, sak irin na bara.

Ya sauka gefen hanya ya kashe inji. Tumaki na kiwo a jikin madatsa. 

"Wataƙila iskar balan-balan ɗin ce ba ta isa ba," na ce.

"Koma nan ki ja," ya ce, ya buɗe ƙofa.

Ni ban taɓa jan karafan ba, mota dai ina kai ta kasuwa. Na zauna a kujerarsa, na matso da ita gaba, na tayar da mota. Muka hau hanya. Wata babbar mota ta wuce, wata ta biyo ta, karafan ko gezau. Wallahi ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani aikin Hidde a ranar ba. Da ma ya yi algus. Da ma ta kaɗa ko sau ɗaya, mu koma gareji mu yi masa masifa, tsohona ya samu abin da zai ɗora wa laifi ko na shekara guda ne. Zuciyata ta karye, ina tuƙi hanya na yi mini hazo-hazo.

Da na hango wata motar a madubi, sai na jira ta zo daidai mu, na ɗan fizgi sitiyarin da gangan. Karafan ta yi 'yar girgiza ta koma daidai.

"Ka ji ko?" na ce. "Har yanzu tana yi."

Bai dube ni ba. Ya ɗora hannun nan nasa a kan gwiwata, ina jin rawarsa ta cikin wandona.

"Kar ki yi mini haka, Aukje," ya ce a hankali. "Motar lafiyarta ƙalau. In mun isa gida ki kira Marrit, ni ba zan iya gaya mata ba."