Gida Ɗayan da Yaya Ke Sata

Shekara arba'in da ɗoriya, duk ranar Asabar da yamma, Tela yakan lulluɓe keken ɗinkinsa da ƙyalle, ya maƙale wani tsohon kwali a hammata, ya nufi gidan yayansa. Ko da ɗinkin gaggawa ka zo masa, sai dai ka dawo gobe.

Abin da ke cikin kwalin wasa ne, irin na allo. Yaya ne ya sayo shi tun yana tuƙin bas, sunan da ke jikin murfin ma ya goge tuntuni, su dai Jirage suke ce masa. An zana sararin samaniya, ga duniyoyi nan jere, ga hanyoyi masu gida-gida a tsakaninsu. Kowa da jiragensa shida da katunan mai. Ka jefa ɗan lido, ka yi lissafin man da zai kai ka, ka kama duniyoyi kafin abokin wasanka ya riga ka. A bayan wata kuma akwai baƙin rami, jirgin da ya faɗa sai ya yi zagaye uku yana zaune.

Jiragen asali duk sun ɓace ɗaya bayan ɗaya. Yara sun haɗiye wasu, tsintsiya ta kwashe wasu. Tela ya riƙa cike gurbinsu da maɓallai daga shago: nasa farare na riga, na Yaya baƙaƙe, sai babban jirgin Yaya, wani jan maɓalli na kwat mai huda huɗu.

To, bari in faɗa muku abin da ba a rubuta a takardar dokoki ba. Yaya yana maguɗi. Duk sanda ɗan lido ya nuna jan maɓalli zai faɗa rami, sai ya gyara murya ya ce, "Ɗan Allura, leƙa min ruwan shayin nan, ya tafasa?" Tela na juyawa, sai ɗan ƙaramin yatsa ya tura maɓallin gida ɗaya gaba. Gida ɗaya tak, bai taɓa ƙarawa ba. Tun shekarar farko Tela ya gano shi a gilashin kabad, amma bai taɓa tankawa ba. Da fari tsoron yaya ne, daga baya kuma abin ya riƙa ba shi dariya, har ya zamana in an tashi wasa ba a aike shi duba shayi ba, sai ya ji kamar bai zo ba.

Sai mantuwa ta kama Yaya. Ta fara da makulli da tabarau, ta koma sunayen maƙwabta. Autarsa, wadda ke kula da shi, ta ji likita ya ce wasa yana motsa ƙwaƙwalwa, sai ta je ta sayo sabo dal, kwalinsa ya kai akwati.

"Baffa, a huta da wancan haka," in ji ta. "Ɓeraye sun ci rabin watan. Dubi wannan!"

Tela ya duba, kuma tsakani da Allah ya yaba. Jirage ne sosai, da fukafukai da tagogi. Ana ƙulla ƙawance, ana cinikin ƙarfe da ƙanƙara tsakanin duniyoyi, ba sa'ar ɗan lido kaɗai ba. Kowane gida da hudarsa, ka soka jirgi ya zauna daram ko da an girgiza tebur. Waya ce ma ke riƙe lissafi, ka jingina ta da kofi tana kallon allon, tana faɗin wanda zai yi. A ransa ya ce wanda ya ƙera wannan ya fi mai tsohon basira, ba musu.

Aka zauna. Yaya ya yi ta juya jirgi ɗaya a hannu kamar mai neman inda ake kunna shi. Auta na nuna masa, yana bi. Can wajen zagaye na biyar, Tela ya ga ɗan yatsan nan ya miƙe a hankali ya taɓa jirgin. Jirgi ya ƙi motsi. Ya ƙara turawa, jirgin ya tuntsure, waya ta yi ƙara ta ce a mayar da shi inda yake.

Yaya ya janye hannunsa ya ɓoye a cinya. Ya ɗago ya dubi Tela tsawon lokaci.

"Malam," ya ce, cikin ladabin da ake yi wa baƙo, "in ka fita, don Allah ka ce wa ƙanina ina jiransa. Yau Asabar."

Tela bai san yadda ya kai gida ba. Satin nan ya ɗinka hannun riga a juye har sau biyu, abin da bai yi ba tun yana koyo. Iyaye sun tafi, matansu duka sun tafi, mutum ɗaya ya rage a duniya da ke ce masa Ɗan Allura, ga shi kuma ya koma malam.

Da Asabar ta zagayo ya ɗauko tsohon kwali.

"Haba Baffa," in ji Auta a bakin ƙofa, "sabon ma da ke yi masa lissafi ya gagara, balle wannan?"

"Ke dai ɗora min ruwan shayi."

"Yanzu fa ya sha."

"Na ce ɗora, 'yar nan. Ki bar ƙofar kicin a buɗe."

Ya shimfiɗa allon, ya danne kusurwar da ta naɗe da faranti, ya zube maɓallai. Yaya bai gaishe shi ba. Amma hannunsa ya tafi kai tsaye ya zari jan nan, ya shafa shi da babban yatsa.

Suka fara. Tela ke ƙirga wa kowa, shi ke miƙa katin mai. Da gangan ya tare gajeriyar hanya da fararen jiragensa, don kada jan maɓalli ya sami wata mafita sai ta bayan wata. Aka zo saura gida uku a kai rami, Yaya ya jefa biyar, ya tsallake abinsa. Aka sake zagayowa, saura gida huɗu.

Huɗu ta fito.

Yaya ya ƙirga da kansa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya aje maɓallin cikin rami. Ya tsura masa ido. A kicin buta ta fara huci. Tela ya kafa ido a kan allon, bai yarda ya ɗago ba.

Sai ya ji an gyara murya.

"Ɗan Allura, leƙa min ruwan shayin nan."

Ya juya. Kabad ɗin gilashi an daɗe da fitar da shi, amma talabijin na kashe, a cikin baƙin fuskarta ya ga yatsan nan ya tura maɓalli gida ɗaya.

"Baba, ai a rami ka..." Auta ta fara daga ƙofar kicin. Tela ya galla mata harara, ta rufe baki da hannu.

Ya daɗe bai juyo ba, sai da ya goge fuska da hannun riga.

"Ya tafasa, Yaya," ya ce. "Af, ba huɗu ka jefa ba?"

"Biyar," in ji Yaya, yana murmushin nan nasa na gefen baki. "Kai har ka yi furfura ba ka iya ƙirga ba. Jefa, kana ɓata min lokaci."