Kula Mai Jan Salatif

Kyamara, ƙafarta, makirufo, batir da ya kusa mutuwa, takalmana cike da taɓo a cikin leda. Da su muka baro gadar. Motar haya ce ta faɗa kogi da hantsi, har muka taso ba a ciro kowa da rai ba.

Baba Direba bai ga komai ba. 'Yan sanda sun tsare motoci tun daga nesa, sai ya zauna a ciki yana gyangyaɗi. Yanzu yana tuƙi yana mita.

"'Yata, ke labari ya ƙosar da ke, ni cikina kiran ciroma yake. Tsohuwa, uwar 'ya'yana, ta kai min abinci ofis tun ɗazu. In masu gadin nan suka riga ni buɗewa, yau akwai shari'a."

Dogo mai kyamara, wanda ya saba tsokanarsa, yau hotunansa yake dubawa. Daga kujerar baya ya taɓa kafaɗata, ya miƙo min kyamarar.

A gidan talabijin ɗinmu ba a nuna gawa. Takalmi ake nunawa, ko jaka, ko hula a bakin ruwa, mai kallo ya ƙarasa sauran da kansa. Dogo gwani ne a wannan. Yau kular abinci ya samu, shuɗiya, a kife cikin taɓo, shinkafa ta zube. Hannunta naɗe da jan salatif, irin wanda muke ɗaure wayoyi da shi. Dogo ne ya naɗa shi ranar da hannun ya karye. Kular Baba ce, ni ma na sha cin abinci a cikinta.

"Haske nake dubawa lokacin," ya raɗa min. "Sai yanzu na gane ta."

Baba ya gwada lambar matarsa, a kashe.

"Kullum ba caji. Da ita da wayar ban san wa ya fi tsufa ba. Gara ma da ba ta bin gada, tsoron ruwa take kamar kyanwa."

An rufe ɗayar hanyar saboda gyara, dole sai ta gada. Ni na kawo rahoton da bakina.

Wayata ta yi ƙara. Edita ne.

"Ina kuka tsaya? Dogo ya ce min tun a can ya samu wata kula mai taɓa zuciya. Da ita za mu buɗe labaran yamma."

"Muna hanya, ranka ya daɗe."

Na kashe. 'Ya'yan Baba ba sa barin labaran yamma su wuce su. A gaban talabijin suke zama, ko motar babansu za ta gifta a hoto.

Muka shiga get ɗin ofis, Baba ya kashe mota. Ya leƙa ta taga.

"Kai mai gadi, ina amanata?"

"Yau ba a kawo ba, Baba."

Edita na tsaye a kan matakala, ya miƙo hannu tun daga can. Na zare katin hotunan daga kyamara na sa a aljihu, na zaga ɓangaren direba.

"Baba, matsa can."

Ya dube ni, ya dubi Dogo da ya sunkuyar da kai. Ya matsa.

Edita ya sauko da sauri. "Katin fa? Duk gidajen talabijin suna da hoto. In kika fita da shi, kada ki dawo."

Na shiga na ja ƙofa.

"Ku karanta labarin ba hoto," na ce ta taga. "Asibiti za mu, ni zan tuƙa."