Majanyi a Jikin Busasshiyar Bishiya

Ai Auta ba ta tsaya saka takalmi ba! Ana ce mata an ga Kawu Mai Itace ya nufi kurmi da gatari, ta suri jaririyarta ta goya, ta fita.

Kurmin nan na bayan gari 'yan sa-kai ne ke kula da shi, ba mai biyan su. Dokarsu kuwa: busasshiyar bishiya kowa na iya sara, amma idan akwai sheƙa a jiki sai a ɗaura mata jan ƙyalle, shi ke nan ta haramta. To ɓangaren rafi Auta ce mai dubawa, haihuwa ta zo mata ba ta ɗaura ba.

Tana isa ta tarar da Kawu a gindin wata busasshiyar bishiya a bakin rafin, har ya tofa yawu a tafin hannu.

"Kawu, tsaya! Da mai jego a ciki!"

"Ke Auta, wace mai jego? Ina jan ƙyallen?"

Ta nuna masa wani kogo can sama, an liƙe bakinsa da laka, saura 'yar tsaga. Cilakowa ce a ciki da 'ya'yanta, ba ta fitowa sai sun yi fiffike, mijin ke kawo abinci.

"Ku kuka kafa dokar," in ji Kawu. "Ba ƙyalle, itacena ne. Matsa."

Sai Auta ta kwance majanyin goyonta, ja wur, ta juyo da jaririyar gaba, ta ɗaure bishiyar da shi tamau. Ta zauna daram a gindin, ta fara ba 'yar nono.

"Ga ƙyalle. Sai ka sara mu gani."

"Rashin kunya za ki yi min? Ni na yi miki huɗuba fa!"

"Shi ya sa na san ba za ka kayar da bishiya a kaina ba, Kawu."

Ana cikin haka sai ga mijin cilakowar, fir, da fara a baki. Ya maƙale ya zura ta tsagar, wani baki ya fizge.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya saɓa gatari.

"Ranar da suka fita zan dawo."

"Ka dawo, za ka same ni. Majanyi gare ni har da na wanki!"

Haka ta koma gida da 'yar a kafaɗa, majanyin na can yana kaɗawa.