Numfashin Malam Zubair

Tun da Malam Zubair ya dawo daga daji bai ƙara zama a majalisa ba. 'Yan bindiga ne suka tare motarsu a hanyar Kurfi ana tsakiyar damina, suka kora su cikin daji, ba a sako shi ba sai da aka fara yankan gero. Da farko gidan yayarsa Mairama da ke Kurfi ya cika da masu barka da arziki, ana ta shigo da fura ana addu'a. Daga baya kowa ya kama gabansa. Shi ma ya koma Dutsin-Ma, inda yake koyar da lissafi a wata sakandare, ya buɗe ɗakinsa na haya a wani gida mai ɗakuna a jere, wanda kusan duk mazaunansa ɗalibai ne.

Babu wanda ya yi masa wulaƙanci. Abin da ya fi ci masa rai ma shi ne lallaɓawar. In ya shiga ofishin malamai sai hira ta mutu, a ja masa kujera, a tambaye shi ƙarfin jiki, sannan kowa ya sunkuya a kan takardunsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa Manu, direban da aka ɗaure su da igiya ɗaya, wanda bai dawo ba. Shi kuwa da ya rufe ido Manu yake gani. Barci ya ƙaurace masa, har ƙasan idonsa ya yi baƙi.

A ƙofar gidan akwai kes, wato ɗan shago, na wani saurayi, Bilya, mai cajin waya da sayar da 'yan kayan waya. Wata rana bayan la'asar Zubair ya je karɓar wayarsa, Bilya ya tsura masa ido.

"Malam, ba ka samun barci ko?"

Shi ne mutum na farko da ya faɗi abin a fili. Zubair ya ji kamar ya zauna a wurin ya yi kuka.

Bilya ya duba hagu da dama, ya zaro wani ɗan kwali daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai abu mai kama da biro, a kansa an ɗaura 'yar kwalbar gilashi da ba ta kai ɗan yatsa ba, cike da mai kalar zuma.

"Biron shisha ne, amma man wiwi ne a ciki. Caji ake yi masa kamar waya."

"Wiwi? Haba Bilya, ni kake miƙa wa wiwi?"

"Ba irin wadda ake naɗewa a takarda a bayan tasha ba ce, Malam. Wannan tatacciya ce, daga waje take zuwa. Ba wari, ba toka. Kai da ka iya Turanci, karanta kwalin mana."

Kwalin yana sheƙi. An rubuta cewa an gwada man a ɗakin bincike, babu gauraye, har da hatimi mai ruwan zinare. Zubair ya san haramun ne, ya san doka ta hana. Ya tsaya yana juya kwalin a hannu, sannan ya jefa shi aljihu.

Da ya zuƙa a ɗakinsa da daddare, ƙamshin mangwaro ne ya fara cika masa baki. Ya zauna a bakin katifa yana jiran tsoro ya zo kamar kullum, sai ya ji kafaɗunsa sun saki. Ranar ya yi barci har rana ta fito, ya rasa sallar asuba, ya tashi yana istigfari yana kuma jin daɗin da ya manta da irinsa.

Haka abin ya zama abokin zamansa. Ya dawo daga makaranta, ya saki labule, ya zuƙa. Ya rage zuwa Kurfi. In Yaya Mairama ta kira sai ya ce aiki ne ya yi yawa.

Kwalaben farko mansu mai kauri ne, in ka juya su da ƙyar yake motsi. Da tafiya ta yi tafiya sai ya ga wasu sun yi duhu, wasu sun tsinke kamar ruwa, wata ma ta yi yoyo a aljihunsa ta bar tabo mai warin man inji. Zuƙa ɗaya sai maƙogwaronsa ya yi kamar an watsa barkono. Kwalin kuwa bai canza ba, hatimin yana nan.

"Kamfani ne suka canza haɗi," in ji Bilya. "Wannan ma ta fi ƙarfi."

Tari ya fara. Zazzaɓi ya biyo baya, da amai. Ya sayi maganin maleriya a kemis ya sha, bai ji sauƙi ba. Wata safiya yana gaban allo, ya ɗaga hannu zai rubuta, sai iska ta ƙi shiga ƙirjinsa. Ya buɗe baki kamar kifin da aka jefo tudu. Alli ya faɗi, shi ma ya sulale ya zauna a ƙasa, ajin ya kaure da salati.

A asibiti aka sa masa robar iska a hanci. Aka gwada tarin fuka, ba shi ba ne. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likitar da ke duba shi, Dakta Fauziyya, ta ɗaga hoton a jikin taga ta daɗe tana kallo, sannan ta ja labulen gadon ta rage murya.

"Malam, huhunka ya ƙone ta ciki, kuma ba ƙwayar cuta nake gani ba. Me kake shaƙa?"

"Ba na shan taba."

"Ban ce taba ba. Ni ba hukuma ba ce. Amma in ban sani ba, a makance zan yi ta yi maka magani."

Ya juya fuskarsa bango. Can ya nuna mata aljihun rigarsa da ke rataye. Ta ciro biron da kwalinsa.

"An rubuta an gwada shi," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "Babu gauraye."

"Wa ya gwada? Kwali kowa na iya bugawa. Wiwin kanta ba lafiya ba ce a gare ka, balle abin da aka cakuɗa mata. Akwai masu zuba wani mai don ya yi kauri ya yi kama da na ƙwarai, man da in a fata aka shafa ba komai, amma in ya shiga huhu sai ya lalata shi. Akwai maganin feshin gona da ke biyo ganyen. Ƙarfen da ke zafafa man ma in na banza ne yana iya sakin guba. Wanne ne ya kama ka, ban sani ba, ba ni da na'urar da zan gwada. Wanda ya sayar maka ma ina shakka in ya sani."

Ta tambaye shi wa za a kira masa. Ya ce babu kowa.

Lokacin ziyara ya fi kowane lokaci tsawo. Da an yi la'asar ɗakin zai cika da mata da kuloli, ana shimfiɗa tabarmi tsakanin gadaje, ana gaishe-gaishe. Shi sai ya ja mayafi ya yi kamar barci yake. Matar tsohon da ke gadon kusa da shi ta lura, ta riƙa zuba kunu a kofi tana ajiye masa a kan durowa. Sai ta juya baya yake sha.

Bilya ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga ƙafar gado da lemo a leda.

"Kwalaben nan daga ina suke zuwa?" Zubair ya tambaya.

Bilya ya yi ta kallon robar iskar. "Kwalin da kwalaben daban ake sayo su, babu komai a ciki. Wani ne yake ɗura man da sirinji, ya aiko mani."

"Me yake ɗurawa?"

"Wallahi Malam ban taɓa tambaya ba."

"Kai kana sha?"

"Ni? A'a."

Ya ajiye ledar ya fita, bai sake dawowa ba.

Shugaban makaranta ne ya aika Kurfi. Yaya Mairama ta iso da hantsi, hijabinta duk ƙurar mota, ta tsaya a kansa tana huci.

"Zubairu, ni za ka ɓoye wa? Da na mutu ne ka ce ba ka da kowa?"

Ya gaya mata abin da ya kwantar da shi, yana jiran faɗa. Ta zauna a bakin gadon.

"Me ya kai ka?"

"Barci, Yaya. Manu ne ba ya bari na yi barci."

"Wane ne Manu?"

A nan ya gane ko ita bai taɓa gaya wa ba. Ya ba ta labarin a gutsure, yana hutawa yana ci gaba: yadda suke raba ruwa a murfin jarka, yadda ƙafar Manu ta kumbura ya kasa tafiya, da safiyar da aka kwance igiyar aka tafi da Manu shi kaɗai. Mairama ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta riƙe masa ƙafa kawai har ya gama.

Da aka sallame shi sun biya ta gidan haya ɗaukar kaya kafin su wuce Kurfi. Kes ɗin Bilya a rufe yake da kwaɗo, an ce ya bar gari. Zubair ya san ba shi kaɗai ke saye ba. Ya bi ɗakunan ɗaliban yana dafa bango, yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana faɗa masu abin da ya same shi da bakinsa. Wani ya ce shi nasa na asali ne. Wasu suka ƙyalƙyale da dariya bayan ya wuce, ya ji ana cewa ashe Malam ma ɗan hannu ne. Ɗaya ne kawai ya biyo shi har bakin mota, ya ce shi ma kwana biyu yana tari, ya tambayi Zubair wace likita ce ta duba shi.

Kafin mako ya zagayo labari ya isa makaranta, ya isa Kurfi. Masu zuwa dubiya ba su da yawa a wannan karon.

Numfashinsa bai koma kamar da ba. Daga gidan Mairama zuwa masallaci sai ya tsaya ya jingina da katangar makwabta, ya bari masu sauri su wuce. Dakta Fauziyya ta haɗa shi da wani likita a Katsina mai duba waɗanda firgici ya kama, yana zuwa duk wata. Barcin yana zuwa wani lokaci, wani lokaci ya ƙi. Ranar kasuwar Kurfi gidan yakan watse, Mairama ta tafi da yara, a bar shi a zaure da buta da rediyo. Da ya ɗan ji ƙarfi ya fara tambayar direbobin tasha ko akwai wanda ya san garin su Manu. Aka ce masa iyalinsa suna wani ƙauye a wajen Ɗantutture. Ya ce wa Mairama in ya iya jure zaman babur, yana so ya je ya gaishe su.